Tafinta Ce Ke Magana

Wata biyu bayan an gama yi mata gashi da na'ura a asibiti, Tafinta ta haddace bayan gida goma sha ɗaya da ke tsakanin ƙofar gidanta da ƙofar kotu. Ta san na gidan mai, wanda aka ɗaure makullinsa jikin wani guntun ƙarfe mai nauyin jariri don kada a gudu da shi. Ta san na kantin magani, inda ba a ba ka makulli sai ka sayi wani abu, shi ya sa auduga ta cika mata aljihun tebur har ba ya rufuwa. Ta san na ɗakin karatun gari, wanda ya fi duka tsabta, sai dai yana hawa na biyu, hawa na biyu kuwa ga mai irin lalurarta dogon buri ne.

Ciwon daji aka gano mata a bakin mahaifa, likitoci suka ce sai gashi. Sati biyar tana zuwa asibiti, ta kwanta a wani gado mai sanyi, na'ura ta kewaye ƙugunta tana gurnani kamar tsohon firji, ta tashi ba ta ji komai ba. Sau ashirin da biyar. Ko kaza, in ji ta, sau ɗaya ake gasa ta a ƙyale ta. Ciwon dai ya tafi, hoton ƙarshe ya fito fes, dangi suka yi ta zuwa barka. Wanda ba a zo yi wa jaje ba shi ne hanjinta, da ke maƙwabtaka da inda aka gasa. Ya sha wutar da ba shi aka nufa da ita ba, ya kuwa riƙe abin a ransa.

To, a nan sai a yi haƙuri, don babu yadda za a ba da labarin nan ba a kira abin da sunansa ba. Gudawa ce. Sau bakwai a yini, wata rana takwas, ga murɗar ciki, ga iska mai fita ba ta nemi izinin kowa ba. Abin da ya fi damunta ma ba yawan ba ne, gaggawar ce. Daga sanarwar farko zuwa aukuwar lamari minti huɗu ne, ta auna da agogo. Ita da bakinta ba ta taɓa furta kalmar ba. Sai dai ta ce "cikin nan", ko "abin nan", ko ta ce "ina zuwa" ta bar mutum da magana a baki.

Shekara ashirin da shida ke nan tana aiki a ɗakin shari'a na biyu, a wata 'yar kujera tsakanin akwatin shaida da teburin alƙali. Alƙali da lauyoyi da harshen takarda suke magana, waɗanda ake kawowa kuwa yawanci harshen gida kaɗai suka iya, ita ke kai wa wannan ta kawo wa wancan. Tana son aikin fiye da yadda take nunawa.

Ranar Laraba Magatakardan kotu ya kira ta a waya. Mutum ne mai irin ladabin nan da ke sa ka shafa aljihu bayan kun rabu.

"Ranki ya daɗe, ya ƙarfin jiki? Hutun naki fa Litinin ta sama zai ƙare."

"Na sani, Magatakarda. Ina da kalanda."

"Madalla. Kin dai san mutumin namu."

Ta san shi. Zaunanne ake ce wa alƙalin a bayan idonsa, don in ya hau kujera ƙarfe tara ba ya motsi sai sha biyu. Lauyoyin da ke da shari'a a gabansa ko shayi ba sa sha da safe.

"Shi ne na ce, in zaman awa uku zai yi miki wuya, akwai gurbi a ɗakin ajiyar fayil, can ƙasa. Ba hayaniya, ba mai takura miki. Kuma," ya rage murya, "yana kusa da wajen nan. Taku biyar."

"Wa ya ce maka ina neman wajen nan?"

"Babu, babu. Masinja ne ya ce ya gan ki sau uku a gidan mai, kuma ba ki da mota."



"Ki zo Litinin ɗin ki gwada," in ji shi. "In kin zauna, kujerarki ce. In kin tashi, sai in sa a goge miki tebur a ƙasa."

Ta san ɗakin fayil ɗin. Ba taga, ba baƙo, ba mai cewa uffan daga safe har yamma sai ɓeraye, su kuwa ba su taɓa neman a fassara musu komai ba. Ta ƙirga kwanakin a kalanda, sha biyu.

Mijinta mai yin firam ɗin hoto ne, shagonsa na jikin gidan. Malam Daidai ake kiransa, don ba ya ajiye tef ɗin awo bai ce "daidai" ba. Tun da aka fara gashin ya ƙwace kicin daga hannunta. Ranar da asibiti suka miƙo takardar abin da za ta riƙa ci, gajiya da kunya sun yi mata yawa, ko kallonta ba ta yi ba ta tura masa. Shi kuwa ya ɗauke ta kamar shaidar kammala jami'a. Ya sa ta a firam mai ruwan zuma, da gilashi, ya kafa ƙusa kusa da firji. Jerin abinci biyu ne a takardar, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Kullum sai ya tsaya gabanta hannu a baya kamar mai kallon hoton kakansa, sannan ya ɗora tukunya.

"Ranki ya daɗe, ga wake da kabeji," in ji shi ran nan da rana. "Na yanka ɗanyar albasa a kai."

"Malam, waken nan da cikina ba sa shiri."

"Magani ne. Takarda ce ta ce."

"Jiya ma wake."

"Na jiya ja ne, na yau fari. Ina sauyawa."

"Ba za ka ba ni 'yar farar shinkafa ba, ko cokali biyu?"

Ya dube ta kamar ta roƙi sigari. "Shinkafa tana hagu."

Ta ja faranti ta ci. Mutumin da ya zauna a bencin asibiti sau ashirin da biyar da jakarta a cinya, ai ba a mayar masa da wake. Kafin ya kwashe kwanuka ta ce, "Ina zuwa."

Washegari suna da ganin Sista mai kula da waɗanda aka gama wa gashi. Malam Daidai ya ciro firam ɗin daga bango, ya naɗe a jarida, ya rungumo, don a ga shaidar ƙoƙarinsa. Sista 'yar gajeruwa ce mai gilashi a tsinin hanci, tana faɗin "kashi" da "tusa" kamar mai gaida maƙwabta.

"Mama, sau nawa a rana?"

"Ya danganta."

"Da me, da yanayin gari? Sau nawa?"

"Bakwai."

"Ruwa-ruwa ko da ɗan jiki? Akwai jini? Majina fa?"

Tafinta ta ɗaga kai tana nazarin silin. Malam Daidai ya amsa mata duka, dalla-dalla, har da abin da ba a tambaya ba.

"To me ta ci jiya?"

Ya gyara zama. Tambayar da yake jira ke nan. "Da safe burodi mai dusa, da madara babban kofi, da lemon zaƙi biyu. Da rana wake da kabeji da ɗanyar albasa, na ɗan barbaɗa barkono. Da yamma gyaɗa da tuffa, ban fere ba. Sai gahawa mai ƙarfi, don ta samu kuzari."

Sista ta cire gilashi, ta goge, ta mayar.

"Baba, shekararku nawa da aure?"

"Talatin da ɗaya."

"Sai yanzu ka ga damar gamawa da ita? Me ta yi maka?"

Ran Malam Daidai ya ɓaci. Ya warware jarida ya ɗora firam a tebur. Sista ta leƙa, ta jawo aljihun tebur, ta zaro sabuwar takarda irinta, ta ajiye su gefe da gefe.

"Ina kan taka takardar?"

"Na datse shi."

"Ka yi me?"

"Inci ɗaya da rabi kacal. Ta fi firam ɗin tsawo, kuma katako ne mai kyau, ba zan taɓa shi ba. Ai ba komai a wajen sai tambarin asibiti, shi ma a karkace aka buga shi."

"Ƙarƙashin tambarin fa?"

Su uku suka sunkuya. A sabuwar takardar, saman jerin hagu an rubuta A CI WAƊANNAN. Saman jerin dama an rubuta A GUJI WAƊANNAN.

Malam Daidai ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "To ai laifin mai bugawa ne. Wane mai hankali ne zai sa abin ci a hagu? Dama ita ce ta cin abinci. Hagu kuwa kowa ya san aikinta."

"Shi ya sa wata biyu kana ciyar da ita daga dama, ita kuma tana ta aikin hagu."

"Ki duba fa, Sista. Wake, ganye, 'ya'yan itace, madara. Duk rediyo abin da ake cewa a ci ke nan. Wane likita ne zai hana kabeji ya ce a ci farin burodi?"

"Likitan mai ƙonannen hanji. Baba, in shayi ya ƙona maka harshe, za ka tauna gyaɗa a kai? Cikin hanjin Mama haka yake yanzu, a saɓule. Duk abin da ke da dusa ko ɓawo ko zare-zare, kankare shi yake yi in zai wuce. Wake da kabeji da albasa su hura shi kamar balan-balan, barkono da gahawa su kora komai waje a guje."

Tafinta ta tuna sau nawa ta wuce gaban firam ɗin nan cikin kwana sittin, ita da ake biya don ta lura da kalmar da ta ɓace. Dariya ta taso mata, ta danne da sauri, don dariya ma yanzu tana da hatsari.

Sista ta bi jerin hagu da biro. Farar shinkafa, farin burodi, dankali ferarre, ayaba, dafaffen ƙwai, kifi ko kaza ba soyayye ba. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, ba tuli guda ba. Ruwa kurɓi-kurɓi duk yini, don abin da ke fita sai an mayar. A samu ɗan littafi a riƙa rubuta abin da aka ci da abin da ya biyo baya. In ciki ya lafa, sai a riƙa dawo da 'yan dama ɗaya-ɗaya, a ga wanda ya tuba da wanda bai tuba ba, don ba hukuncin har abada ba ne. Ta rubuta mata ƙwayar tsayar da gudawa, ta ce a sha rabin awa kafin a fita. In an ga jini kuwa, ko rama, kada a tsaya shawara da Baba, a zo.

"Zan iya zaman awa uku nan da kwana goma sha ɗaya?" in ji Tafinta.

"Ban sani ba, Mama. Zai yi sauƙi sosai, wannan na sani. Amma hanji ba ya duba kalanda. Ki gaya musu a wurin aiki, su riƙa ba ki 'yan mintoci."

"In tsaya gaban alƙali in ce masa me?"

"Ki ce masa kina gudawa. Shi turare yake fitarwa?"

"Allah ya kiyaye," in ji Tafinta, ta ɗauki jakarta.

Kwanakin da suka biyo baya Malam Daidai ya koma hagu da zuciya ɗaya irin ta sabon tuba. Komai sai ya fere, da ana fere shinkafa da ya fere. Bakwai ta koma biyar, biyar ta koma uku. Minti huɗun nan ya miƙe ya kai kusan sha biyar, wanda a wajen Tafinta daidai yake da hutun shekara. A kwana na takwas ta gwada ɗiga madara a shayi, kafin rana ta yi tsaka ta rubuta a littafin: "Madara, an sallame ta daga aiki."

Ranar Lahadi suka yi gwaji. Ta zauna a kujerar kicin ƙarfe tara, shi yana riƙe da agogo. Sha ɗaya da minti ashirin ta miƙe. Da ta dawo ya ce, "Saura minti arba'in." Bai ce daidai ba.

Litinin ta ci farar shinkafa da ƙwai guda ƙarfe shida, ta sha ƙwaya ƙarfe takwas, ta sa kayan canji a ƙasan jaka ta danne su da ƙamus. Magatakarda ya tare ta da murmushi har kunne. Zaunanne ya shigo, aka miƙe, aka zauna, ya dube ta ta saman gilashi ya gyaɗa kai sau ɗaya, wanda a wajensa babbar tarba ce.

Awar farko ta wuce lafiya lau. Daga nan aka kira ƙarar wani tela da ke da shago a ƙasan bene, wanda bututun bayan gidan sama ya fashe ya zubo masa a kan rigunan mutane, shi kuwa ya maka mai gidan a kotu. Tafinta ta rufe ido ta buɗe. Duk shari'un duniya a rasa wadda za a kawo yau sai wannan.

Mai ba da shaida wani tsoho ne mai gyaran famfo, kunnensa ɗaya ya mutu, bakinsa kuwa garau. Harshen gida kaɗai yake ji. Dokar aikin tafinta kuwa ita ce, ba ka cewa "ya ce". In mai shaida ya ce "na gani", kai ma "na gani" za ka ce, haka Magatakarda zai rubuta, maganar mai shaida ce ba taka ba. In kana da taka ta kanka, sai ka fara da cewa "tafinta ne ke magana". A shekara ashirin da shida sau huɗu ta yi haka, duka don a maimaita mata lambar mota.

Ƙarfe goma da minti arba'in cikinta ya aiko sanarwar farko. Ta dubi agogon bango ta yi lissafi. Lissafin bai yi kyau ba.

Tsoho ya yi magana, ta juya wa alƙali. "Na kara kunnena mai kyau, na ji yana ƙugi a ciki."

Ya ƙara, ta ƙara. "Na ce wa mai gidan, abin nan ya cika ya batse, ba zai kai rana tsaka ba."

Gumi ya fara bin bayanta. Ta haɗe gwiwoyi.

"Na ce masa, in ka matse shi ta nan, ta can zai nemi hanya. Abin da ya yi niyyar fita sai ya fita."

Lauyan mai gidan ya miƙe ya ce bai yarda ba, wannan ra'ayi ne ba shaida ba. Lauyan tela ya miƙe ya ce ra'ayin gwani ne. Suka kwashe minti bakwai suna karanto wa juna shafuka, Tafinta tana kallon doguwar allurar agogo tana cinye mata rai. Da aka gama, tsoho ya ɗora daga inda ya tsaya, ya yi wata doguwar magana a kan kaurin bututu da irin gam ɗin da aka liƙa. Ya kai aya. Kowa ya juyo gare ta. Ta buɗe baki da niyyar maganar gam, abin da ya fito cikin tsantsar harshen takarda shi ne:

"Ya mai shari'a, ina buƙatar zuwa bayan gida yanzun nan."

Biron Magatakarda ya rubuta. Zaunanne ya dubi tsohon, ya dubi furfurarsa.

"Saboda shekarunsa, kotu ta ba mai shaida minti biyar. Kowa ya zauna inda yake."

Ɗan sandan kotu ya zo ya kama tsoho a gwiwar hannu. Tsoho ya riƙe katakon akwati gam, ya juyo gare ta.

"'Yata, ina za a kai ni? Me kika gaya musu?"

Aiki ya riga ya zama jiki. Ta ji bakinta yana cewa, "Ina za a kai ni?"

"Inda ya roƙa," in ji alƙali.

"Baba, wai bayan gida," ta gaya masa da harshen gida, a hankali.

"Ni? Ai na yi tun a gida! Ni da ba na fita sai na yi!"

"Na yi tun a gida," in ji Tafinta, da muryar wadda ake karanta wa hukunci. "Ba na fita sai na yi."

Wani ya tuntsire a baya, ɗakin ya ɗauka. Zaunanne ya buga tebur sau ɗaya, aka yi tsit. Fuskarsa ta haɗe.

"Mai shaida wasa yake da kotu? Ya roƙa, an ba shi, ya ce bai roƙa ba. A gaya masa raina kotu kwana bakwai ne a tsare, kuma ina da biro a hannu."

Tsoho bai ji abin da aka ce ba, amma ya ga biron, ya ga ɗan sanda ya gyara tsayuwa.  Yana kallonta kamar yadda dubban mutane suka kalle ta daga cikin akwatin nan, don ita kaɗai ce a ɗakin ke jin su.

Ta miƙe, a hankali, don miƙewa da sauri ba ta cikin abin da za ta iya.

"Tafinta ce ke magana, ya mai shari'a. Mai shaida gam yake magana a kai. Bayan gidan tafinta ce ke nema. An yi wa tafinta gashin ciwon daji a ƙugu, ya ƙona mata hanji, tana fama da gudawa." Kalmar ta fita ta zagaya ɗakin, rufi bai faɗo ba. "Tana bin dokar abinci, tana shan magani, amma awa uku sun fi ƙarfinta. Kuma tafinta tana da minti biyu, ɗaya ya tafi a bayani."

Ba ta jira izini ba. Ta ɗauki jaka ta nufi ƙofa da 'yan ƙananan taku irin na mai ɗauke da cikakken kwanon miya. Tana kaiwa bakin ƙofa ta ji muryar Zaunanne a bayanta, ƙarfe sha ɗaya saura biyar, yana cewa, "Kotu ta tashi."

Ta kai. Ba za a ce ta kai gaba ɗaya ba, kayan da ke ƙarƙashin ƙamus sun yi amfani, amma ta kai. Ta wanke, ta sauya, ta tsaya gaban madubi. Ta ba kanta minti ɗaya na kuka, rabi ya ishe ta. Da ta fito sai ga layi a baranda gaban ƙofar maza, lauyoyi biyar cikin baƙaƙen riguna, da ɗan sanda, da tela, kowa yana taka rawa a tsaye. Lauyan mai gidan ya ɗaga mata hannu. "Allah ya saka miki, Mama. Shekara tara nake jiran wannan rana."

Da aka koma, Zaunanne ya bar ta a tsaye.

"Tafinta ta sa wa mai shaida maganar da bai yi ba. Za a goge ta daga rubutu, ita kuma za a ba ta takardar gargaɗi."

"Tafinta ta karɓa, ya mai shari'a."

Magatakarda ya ɗan ɗago daga kujera. "Ya mai shari'a, dama akwai tebur a ƙasa da aka..."

"Kai za ka gaya mini abin da tsohon nan ke cewa?" Magatakarda ya koma ya zauna. Alƙali ya juyo gare ta. "Nawa ake buƙata?"

"Minti goma, duk bayan awa ɗaya da rabi."

"Biyar."

"Goma, ya mai shari'a. Biyar a hanya za su ƙare."

Daga layin lauyoyi aka ji wasu na cewa "goma, goma" ƙasa-ƙasa, kowa kansa a cikin fayil. Zaunanne ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar yau ya fara ganin suna da jiki daga wuya zuwa ƙasa.

"Goma. Za a gwada zuwa ƙarshen wata. A rubuta. Tafinta ta zauna."

Ta zauna a kujerarta. Tsoho, da aka bari a akwati duk tsawon hutun don ba wanda ya iya gaya masa an tashi, ya sunkuyo ya yi mata magana yana mutsu-mutsu. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara murya.

"Ya mai shari'a, ina buƙatar zuwa bayan gida."

Zaunanne ya ajiye biro. "Wanne daga cikinku?"

"Mai shaida ne, ya mai shari'a. Wai tsoron da aka ba shi ne ya kaɗa masa ciki."